Wasiƙar Godiya Ga Sashen Gama Yadi Na Masaƙar Da Ke Yi Mana Aiki A Sharaɗa

Zuwa ga Alhaji Manaja, da Injiniya, da shugabannin aikin dare da na rana, da dukkan ma'aikatan sashen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ku da iyalanku, mu masu rini da masu sayar da shadda da yadi a Kantin Kwari da kewaye muka ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, ba a ofis kaɗai ba. Dalilinmu shi ne kayan da ke fitowa daga hannunku suna jure wanki. Laushin ba ya gudu, maiƙon ba ya bin ruwa, rigar da tela ya ɗinka daidai jiki ba ta ɗagewa. Wanda bai san sana'ar ba zai ce sa'a ce. Ba sa'a ba ce, awo ne, don haka za mu faɗi abin da kuke yi dalla-dalla, mai saye ya san abin da yake biya wa kuɗi.

Kowa a kasuwa ya san gajeriyar hanya. A labta wa yadi sitati ya yi kauri, a zuba masa man laushi ya yi santsi, a ja shi a inji ya ƙara tsawo, a goge shi da zafi ya ɗauki ido. A kan kanta ba ka da abin cewa. Wankin farko ne ke tona asiri, kuma mai shago ake dawo wa da kayan, ba masana'anta ba. Ku kun ƙi bin wannan hanya, kun fara daga inda aikin yake farawa, wato daga akoko, ɗanyen yadin da ba a fararta ba.

Akoko yana saukowa daga injin saƙa da gashi a fuskarsa, da sitatin da aka sa wa zaren tsaye don kada ya tsinke wajen saƙa, da kakin da auduga ke zuwa da shi tun daga gona. Gashin kuna babbake shi kamar kan rago, yadin yana wuce harshen wutar gas da gudu, ya faɗa cikin ruwa nan take don kada tartsatsi ya ci gaba da ci. Sitatin kuma sinadarin amilas ke narkar da shi a ruwan ɗumi mai digiri 60 zuwa 70. Abin da ya burge mu shi ne kwalbar aidin da ke ajiye a ƙarshen injin wanki. Ana ɗiga wa yadi, in ya yi shuɗi mai duhu akwai sauran sitati, sai a mayar da shi. Bayan an dafa shi da kostik, wato sodar da ake yin sabulu da ita, kuma a ɗiga masa ruwa, in ɗigon ya tsaya yana ƙyalli a sama bai shige cikin 'yan daƙiƙoƙi ba, kakin bai fita ba ke nan. Gwaje-gwajen nan biyu ba sa cin ko minti ɗaya, amma su ne ke raba yadin da zai sha rini sumul da wanda zai fito dabbare-dabbare.

Muna kuma yaba muku kan ruwa. Ana fararta auduga da haidirojin feroksaid a ruwa mai kaifi, ma'aunin pH, wato awon kaifi da tsamin ruwa, wajen 10.5 zuwa 11. Matsalar ita ce ƙarfe. In ruwan burtsatse ya zo da shi, ko tsatsar bututu ta faɗo kan yadi, sinadarin yakan yi aiki fiye da kima a daidai wurin, ya cinye zaren. Ba a ganin komai a lokacin. Sai an yi wanki biyu ko uku ƙananan huji kamar na allura su bayyana, mai kaya ya ce asu ne ko ɓera. Tace ruwan da kuke yi, da maganin kama ƙarfe da kuke zubawa, su suka raba mu da wannan ƙorafi.

Sai maganar masaraiza, wato jiƙa yadi a kostik mai ƙarfi yana miƙe, wadda a ganinmu ita ce uwar maiƙon shadda. Tun 1844 wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya gano cewa kostik mai ƙarfi yana kumbura zaren auduga ya ƙara masa shan rini. Daga baya, wajen 1890, Horace Lowe ya nuna cewa in aka riƙe yadin a miƙe lokacin da yake cikin kostik, sheƙi na fitowa. Zaren auduga a asalinsa a murɗe yake, a baje. Kostik mai ƙarfin giram 270 zuwa 300 a lita ɗaya yana warware murɗin ya mai da shi mulmulalle, sai haske ya riƙa sauka a kansa bai ɗaya. Wannan sheƙin a jikin zaren yake, wanki ba ya cire shi. Amma aikin yana da sharuɗɗa. Yadin ya samu kusan minti ɗaya a cikin kostik. Kada a sassauta riƙonsa sai an wanke mafi yawan kostik ɗin, domin in aka sake shi da wuri zai motse, sheƙin ya tafi. Sannan a kashe sauran kaifin da ruwan tsami na asetik. Wasu wuraren sukan gaggauta wankin nan don tsimin ruwa da turiri. Ku ba kwa bari yadi ya bar injin sai an auna ruwan da aka matse daga jikinsa an ga pH ɗinsa ya sauko kusa da 7, inda ba kaifi ba tsami.

Wannan awon shi ke ceton mataki na gaba, wato laushi, inda mafi yawan ɓarna ke faruwa. Man silikon da ke ba yadi santsin nan mai daɗin taɓawa ba ya narkewa a ruwa, an dai farfasa shi ne ƙanana-ƙanana ya zauna a ciki, kuma yana son ruwa mai ɗan tsami, pH 4.5 zuwa 5.5. In yadi ya shigo kwamin da sauran kostik a jikinsa, haɗin yakan tsinke, man ya taru ya manne a rola, daga nan ya riƙa buga tabon maiƙo a jikin yadi a tazara ɗaya, kowane zagayen rola tabo guda. Tabon silikon kuwa ba ya fita da sabulu. Haka nan man laushi irin na katayonik, wanda ya fi araha kuma yake ba da taushi sosai, ba ya shiri da sauran sabulun wanki ko sinadarin ƙara hasken fari. In suka haɗu sai su dunƙule. Yana kuma sa farin yadi ya yi ɗorawa-ɗorawa in zafi ya yi yawa, ya rage masa shan ruwa. Rigar da ba ta shan gumi a watan Afrilu a Kano ko Maraɗi ko Damagaram, ko ta kai alharini santsi, azaba ce.

Ku kuna auna abin da yadi ya ɗauka, ba kwa zubawa da ka. Ana yanka ƙyalle a auna shi a bushe, a ce giram 100, a wuce da shi ta kwami da rolar matsa a sake aunawa. In ya zama 170, ya ɗauki kashi 70 cikin ɗari ke nan, kuma in akwai giram 20 na mai a kowace lita, kilo ɗaya na yadi ya tafi da kusan giram 14. Kuna yin wannan a wuri uku, hagu da tsakiya da dama, domin rolar roba takan cinye ko ta lanƙwashe, ta matse gefe fiye da tsakiya. Alamarsa a shago ita ce bandir ɗaya launi biyu: tela ya yanka hannun riga daga gefe, jiki daga tsakiya, a fita rana a ga bambanci.

Mu masu rini muna da godiya ta musamman a nan. Farar shaddar da aka ce muku ta rini ce kuna ware ta, ku rubuta a jikin bandir, ba kwa sa mata silikon ko kaɗan. Yadin da aka riga aka laushe da silikon ba ya shan rini daidai, ko a karofin baba irin na Ƙofar Mata ko a tukunyar rinin zamani. Mai rini zai yi ta ƙara sinadari yana zargin hannunsa, alhali tun daga masana'anta aka toshe zaren.

A sitenta, injin busarwa da daidaita faɗi, nan ake gane mai tsoron Allah, domin nan ne za a iya ƙara yadi ba tare da an ƙara auduga ba. Allurai ko maƙalai suna riƙe bakin yadi hagu da dama, sarƙa tana jan sa ta cikin ɗakunan iska mai zafi. In aka buɗe sarƙar fiye da faɗin da saƙar za ta iya riƙewa, za a sami ƙarin inci, in aka ja tsawo za a sami ƙarin yadi, duka kuma ruwa zai karɓe abinsa. Ku kuna tura yadin ya shiga da ɗan sauri fiye da gudun sarƙa don zaren tsaye ya huta. Kuna busar da auduga a wajen digiri 120 zuwa 150, ba kwa ƙure wuta don a gama da wuri, kuma kuna barin ta da danshinta na asali, kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari, saboda audugar da aka soye takan yi ƙaiƙayi duk man da aka sa mata. Ga na'urar miƙe zaren kwance a bakin injin. In zaren kwance ya karkace aka busar da shi haka, furen shadda zai kwanta gefe, ƙafar wando kuma ta riƙa juyawa bayan wanki, a ɗora wa tela laifin da ba nasa ba.

Wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta a ƙasar nan, kuma tana cikin abubuwan da suka durƙusar da manyan masaƙun Kaduna da Kano. In ta ɗauke, sarƙa ta tsaya, yadin da ke cikin ɗakunan yana nan yana gasuwa kafin janareta ya karɓa. Wannan yankin launinsa ya canja, ƙarfinsa ya ragu. Kuna sa masa alama ku yanke shi, ba kwa naɗe shi a tsakiyar bandir. Mun san asara ce a gare ku, kuma mun san ba kowa ke yin haka ba.

Game da kalanda, injin guga, akwai abin da muke so masu saye su fahimta. Aikin da masu bugu ke yi da sanduna a kan gungume, a Kura da cikin birni, shi ne danne zare ya baje ya toshe ramukan saƙa har fuskar yadi ta yi sumul. Kalanda ma haka take yi, da rolar ƙarfe mai zafi da rola mai taushi. Sai dai ƙyallin guga kaɗai, na inji ne ko na hannu, yana raguwa da wanki, shi ya sa ake komawa wurin masu bugu. In ana so ya daɗe sai an sa resin, wani sinadari mai kama da ƙaro, an gasa, resin kuma yana rage wa auduga ƙarfi, yadi ya fi saurin yagewa. Injiniya bai taɓa ɓoye mana wannan ba. Yakan ce a zaɓa, ya faɗi abin da za a samu da abin da za a rasa. Ma'aikatan injin kuma suna ɗaga rola duk lokacin da ɗinkin haɗin bandir zai wuce, domin ɗinki ɗaya in ya lotsa rola mai taushi, shatinsa zai yi ta fitowa a kan duk yadin da ya biyo baya.

Na ƙarshe shi ne injin hana motsewa, hanyar da Ba'amurke Sanford Cluett ya yi wa rajista a 1930. Ana jiƙa yadi kaɗan da feshi da turiri, a shigar da shi tsakanin ganga mai zafi da bel na roba mai kauri, wajen milimita 67. Robar tana miƙewa a wurin matsa, ta koma ta tsuke, ta tafi da yadin, daga nan a busar da shi a kan bargon felt don ya zauna haka. Kafin ku saita injin kuna shata santimita 50 a ƙyalle, ku wanke, ku busar, ku auna, abin da ya ragu shi kuke cirewa. Lissafin mai sauƙi ne: yadi 10 na babbar riga da 'yar ciki da wando, in ya motse da kashi 5 cikin ɗari, rabin yadi ya tafi. Wanda aka yi wa aikin daidai ba ya wuce kashi 1.

Roƙonmu biyu ne, ranka ya daɗe. Takardar da kuke liƙa wa kowane bandir, mai ɗauke da faɗi da irin man laushi da sakamakon gwajin wanki, a riƙa rubuta ta da Hausa ma, don yaran shago su iya yi wa mai saye bayani. Sannan a ci gaba da ɗaukar matasa suna koyon aiki a hannun dattawan da ke sashen, musamman a kan sitenta da masaraiza.

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku daga gobara da hatsarin inji, ya ƙara wa masana'anta albarka.

Wassalam.

Naku,
Masu rini da masu sayar da shadda da yadi, Kano