Yaushe cocinmu ya zama namu? Amsa ga 'yata, sakatariyar matasa

'Yata, ina gaishe ki, ina gaida iyayenki da sauran matasan ikilisiya.

Ranar Lahadi, a taron shirin bikin tunawa da kafuwar ikilisiyarmu, kin miƙe a gaban jama'a kin ce: "Baba Katikis, abokanmu a makaranta suna cewa Katolika cocin baƙi ne, Turawa suka kawo shi, Igbo suka cika shi. To yaushe ya zama namu?" Lokaci ya ƙure, Fada, limaminmu, kuma yana da wata Mas, wato babbar ibadarmu, a ƙauye, shi ya sa na ce zan rubuto. Tunda a bainar jama'a kika yi tambayar, a bainar jama'a zan ba ki amsa.

Abokan naki ba ƙarya suka yi ba, rabin labarin suka sani. Limaman SMA, ƙungiyar 'yan mishan zuwa Afirka wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856, su ne suka iso Shendam a 1907, daga can aikin ya haura Jos. Jos ta zama dayosis, wato yankin da bishop yake jagoranta, a 1953, mu kuma a Bauchi da Gombe muna ƙarƙashinta. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta sakar wa 'yan mishan mara a cikin garuruwan sarakuna ba, don haka suka fi kama ƙasashen da Musulunci bai yi ƙarfi ba, da unguwannin baƙi. A nan cikin gari, waɗanda suka fara cika benci akawuna ne, da 'yan sanda, da 'yan kasuwa daga Kudu. Da jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, ya wuce Gombe har ya kai Maiduguri a 1964, sai ma'aikatan reluwe suka ƙaru a kansu. Su suka sayi kwanon rufin farko. A wancan lokacin da Latin ake Mas, iyayenmu suna durƙusawa idan sun ga an durƙusa, suna tashi idan sun ga an tashi.

Sai 1966 ta zo da kashe-kashenta, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Ina yaro, amma ban manta Lahadin da muka shiga coci muka tarar da benci a wofi tun daga gaba har tsakiya ba. Babu ƙungiyar mawaƙa, babu mai karatu, babu mai riƙe asusu. Wani kafinta Igbo, wanda makullin coci yake hannunsa, ya danƙa shi ga wani lebura ɗan ƙasarmu a daren da zai gudu, ya ce masa kada ya bari a rufe ƙofar ranar Lahadi. Leburan nan bai iya karatun boko sosai ba, amma ya iya Rozari, addu'ar carbi, da shi ya riƙa jagorantar mutane har Fada ya samu zuwa.

Idan shekara kike nema ki rubuta a littafin biki, ni a nan zan ɗora yatsana. Waɗanda suka rage su ne Sayawa, da Jarawa, da Angasawa da sauran mutanen Filato da suka zo neman abinci, da 'yan Tangale da Waja. Ba wani harshe da ya haɗa su sai Hausa. Allah da ikonsa, babban taron Batikan na biyu, wanda bishop-bishop na Katolika na duniya suka yi daga 1962 zuwa 1965, ya riga ya buɗe ƙofar yin Mas da harsunan jama'a. Aka fara jin "Ubangiji ya kasance tare da ku" daga bakin Fada, mutane suka amsa da abin da suka fahimta. Mata suka shigo da tulu da caki da ganga. Tsofaffin da a da suke zama shiru a baya suka matso gaba.

Girman da kike gani yau daga ƙauyuka ya fito, kuma a kafaɗar katikis ya hau. Fada ɗaya ne, ƙananan majami'u da yawa, wasu sai an ƙetare rafi. Da damina sai a yi wata guda ko fiye ba a ga babur ɗinsa ba. Katikis ne yake buga ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a bishiyar darbejiya, shi yake karanta Bishara, ya koya wa masu shirin baftisma, ya sasanta miji da mata, ya binne gawa. Albashinsa sau da yawa mudun dawa ne da damin gero bayan girbi. Na yi wannan aiki, na kuma gaje shi daga waɗanda suka fi ni shan wahalarsa, waɗanda suka taka da ƙafa inda ni na hau keke.

Ba zan yarda a buga littafin nan babu babi guda na Zumuntar Mata Katolika ba. Bulon da aka gina cocin da muke ciki yanzu, ruwan kwaɓa shi a kan mata ya zo. Suna tashi da asuba su ɗebo yashi a kwano daga rafi kafin su tafi gona ko kasuwa. Kowace takan ware ɗan hatsi daga abin da za ta dafa, a tara, a sayar, a sayi siminti buhu ɗaya ɗaya. Su suke zuwa gaida mai jego da mara lafiya, kuma ta wannan gaisuwar ce gidaje da yawa suka shigo ikilisiya, ba ta wa'azin kowa ba. Ƙananan majami'un da muke kai wa ziyara a da, wasunsu yanzu suna da nasu Fada da nasu rassan.

A takarda kuwa, an yanke mu daga Jos a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Gombe, aka naɗa Bishop John Moore, ɗan ƙasar Ailan daga SMA, ya jagorance mu. A ƙarshen 2003 Bauchi ta zama cikakkiyar dayosis mai ɗauke da jihohin biyu. Bayan rasuwarsa a 2010, Bishop Malachy Goltok ya gaje shi a 2011 har ya rasu a 2015, sai Bishop Hilary Dachelem daga 2017. Kin ga sanda ta baro hannun Bature ta dawo hannun 'yan ƙasa.

Mun kuma biya da jini. Rikicin 1991 da ya taso daga Tafawa Balewa ya iso cikin gari, a watan Satumba na 2012 kuma ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a ƙofar babban cocinmu na St. John. Tun daga nan katanga ta yi tsawo, ana binciken jaka a bakin ƙofa. Ku rubuta wannan, amma ku rubuta har da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye 'yan cocinmu a ɗakunansu. Akwai masu rai a cikinmu da za su shaida.

Abu ɗaya nake roƙonku: kada neman nuna cewa cocin namu ne ya sa ku goge sunan baƙin. Bayan yaƙi Igbo sun dawo, an mayar musu da wurin zamansu, kuma har gobe su ne kan gaba wajen bayarwa a bikin godiyar girbi. Abin da yake damuna shi ne yadda masu Mas ɗin Turanci da masu Mas ɗin Hausa suke wuce juna a bakin ƙofa ba gaisuwa, kamar kishiyoyi a tsakar gida ɗaya. Ina so kwamitinku ya nemi Fada a yi Mas guda ranar bikin, karatu ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci, mawaƙan biyu su zauna wuri ɗaya.

Kafin ku kai littafin wurin bugawa, ku roƙi Fada ya buɗe muku tsohuwar rajistar baftisma. Kada ku tsaya a sunan limamin da ya sa hannu, ku duba layin iyayen baftisma, za ku ga sunaye kaɗan suna ta maimaituwa shafi bayan shafi. Ku kwafe su. Sannan ku ɗauki waya ku je gidajen tsofaffin matan Zumunta ku naɗi muryarsu, ku fara da waɗanda ba sa iya fitowa coci yanzu. Ki zo gida ranar Asabar da yamma, zan raka ku.

Naki,
Baba Katikis, Bauchi