Wasiƙa zuwa ga aboki a kan hidima a gidan yari

Zuwa ga aminina, ɗan'uwa cikin Ubangiji,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara da dukan 'yan'uwa na wajenku. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya.

Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso. Na ji dattawan ikilisiya sun ɗora maka jagorancin ziyarar gidan yarin garinku, kana tambaya ta ina za a kama. Madalla. Amma kafin komai ka cire tunanin cewa ikilisiya za ka kai musu, domin za ka tarar da ita a can. Akwai mai ba da waƙa, akwai mai karatu, akwai wanda suke kira fasto ko da yake bai taɓa shiga makarantar tauhidi ba, kuma kullum dare suna addu'a ɗaki ɗaki bayan an kulle ƙofa. Ku awa biyu za ku yi ku fita, su ne za su riƙe juna har ku dawo. Aikinku shi ne ku ƙarfafa waɗannan mutane. Da ɗan gari akan ci gari.

Maganar izini ba ta da wuya. Ku rubuta wa Kwanturolan hukumar gidajen yari na jiha takarda mai hatimin ikilisiya, da sunayen masu shiga da hotunansu da kwafin katin shaida, da ranar da kuke so. In ya amince, sai ku gana da shugaban gidan, da jami'in walwala, da limamin Kirista na hukumar in akwai shi. A takarda ka rubuta "gidan gyaran hali", domin dokar 2019 ta mai da sunan haka, ko da yake a baki har yanzu gidan yari kowa yake cewa. Tun bayan harin da aka kai gidan yarin Jos a 2021 da na Kuje a 2022 bincike ya tsananta, saboda haka waya da kuɗi da magani da duk abu mai kaifi su tsaya a mota. Mutum huɗu zuwa shida sun isa, kuma ya kasance su ɗin ne dai kowane mako. Ku isa da wuri. Idan aka ƙirga fursunoni lissafi bai cika ba, ba mai motsi sai ya cika, ko da lokacinku zai ƙare kuna zaune a benci. Kada ka yi wa ganduroba fushi a kan wannan, shi ne zai amsa tambaya in mutum ya ɓace.

Rana guda da ba kwa fashi ta fi babban taro sau ɗaya a shekara. Lokacin Kirsimeti ikilisiyoyi har layi suke yi da buhunan shinkafa, amma da damina ta kankama sai wurin ya yi tsit. Mutumin da ke kulle ƙirga kwana yake yi. In kun ce Alhamis, ya tashi ya wanke rigarsa ɗaya tilo ya zauna jira bai gan ku ba, sai kun yi watanni kafin ya sake yarda da maganarku.

Yanzu ga inda yawancinmu muke tuntuɓe, wato kayan taimako. Yunwa gaskiya ce a can, gabza ba ta riƙe ciki, ga ƙazuwa saboda cunkoso da ƙarancin ruwa. Dole za ku kai sabulu, garin rogo, sukari, ƙuli-ƙuli, silifa. Sai dai ranar da ka raba sabulu a ƙofar majami'a bayan sujada, mako mai zuwa ɗakin zai cika maƙil, hannuwa su tashi sama in an yi kiran tuba, ka koma gida kana murna, alhali sabulu aka zo karɓa. Masu bi na gaske su ne za su fi jin ciwon abin, don sun san kowa. Ka raba ranar kyauta da ranar sujada. Kayan su bi ta ofishin walwala, a raba ɗaki ɗaki bisa yawan mutane, Kirista da Musulmi ba bambanci, wani daga cikinku yana tsaye yana gani. Ka tambayi adadin 'yan gidan tukuna. In sabulun bai kai ba, a yanka kowane sanda gida biyu ko uku tun daga gida, gara kowa ya sami ƙanƙani da a ce rabi sun samu rabi sun rasa, don daga nan faɗa yake tashi. Magani kuwa, ko na ƙaiƙayi ne, asibitin gidan ake miƙa wa.

Littafi Mai Tsarki ma kada ka raba shi kamar gyaɗa. Takardarsa siririya ce, akwai masu yage ta su naɗa taba, wani kuma ya musanya shi da abinci. A buga wa kowane ɗaya hatimi, a sa lamba, a damƙa biyu ko uku ga shugaban zumunta na kowane ɗaki, ya rubuta wanda ya ara. Wanda ya gama ajin baftisma sai a ba shi nasa. Ka haɗa da na Hausa da na Turanci, da littafin waƙoƙi, da tabarau na karatu masu arha, domin ɗakunan ba haske sosai, dattawa da yawa kuma idonsu ya yi rauni. Wanda bai iya karatu ba, ajin yaƙi da jahilci ya fi masa wa'azi goma amfani, kuma malamin yana cikinsu.

Wa'azi ya zama gajere. Sun ji labarin ɗa mubazzari da na Bulus da Sila a kurkukun Filibi har sun haddace, kowane baƙo da shi yake zuwa. Ɗauki littafi guda, misali Bisharar Markus, ku bi shi sura sura, a kasa su rukuni na mutum takwas zuwa goma, kowane rukuni ɗan gida ne yake bi da shi. Kada ka yi magana kamar duk wanda ke gabanka mai laifi ne. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Saboda haka ma ba a tambayar mutum abin da ya kawo shi, ba a kuma sa mai jiran shari'a ya tashi ya furta laifinsa a gaban taro da sunan shaida. Bango yana da kunne, maganar tana iya riga shi zuwa kotu.

Wajen zaɓen shugabanni, masu dogon ɗauri su ne ginshiƙi, don mai jiran shari'a yau yana nan gobe an ba da belinsa. Kowane muƙami ya kasance da mataimaki, domin da dare ɗaya ake iya kwashe mutum a mai da shi wani gidan. A sa wa'adi, shekara guda a sake zaɓe. Kuma kada shugaban ɗaki, mai raba wurin kwana da hukunta mutane, ya zama shi ne shugaban zumunta, in ba haka ba sai zuwa sujada ya koma hanyar neman wurin shimfiɗa tabarma. A Amurka, a gidan yarin Angola da ke jihar Luwiziyana, tun 1995 wata makarantar tauhidi ta Baftis ta buɗe aji a ciki, masu ɗaurin rai da rai suna karatu suna zama masu hidimar 'yan'uwansu. Ba mu da kuɗinsu, amma awa guda a wata tare da shugabanni kaɗai ba ta fi ƙarfinku ba.

Majami'a ɗaya ce, ɗariƙu kuwa da yawa: 'yan Katolika, ECWA, COCIN, EYN, Baftis, Angilikan, Fentikos. A yi jadawali, a bar wa Fada lokacinsa, ku bar gardamar ɗariƙa a bakin ƙofa. Masallaci yana nan kusa a fili ɗaya, don haka a sassauta ganga lokacin salla, kada kuma wani mai zafin kai ya taɓa addinin kowa a wa'azi. Kai za ka tafi gida, su za su kwana ƙafa da ƙafa. Jibin Ubangiji da kofunan roba ake yi, kuma ba a shiga da abu mai sa maye. Baftisma kada a yi gaggawa. A yi aji na wata uku ko fi, a tambayi 'yan ɗakinsa halinsa, a nemi izinin ruwa da wuri tun da sauran lokaci. Sunansa ya shiga rajistar ikilisiyarku, katinsa kuma kada ya nuna gidan yari, don da shi zai shiga wata ikilisiya gobe. Waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa sau da yawa ba a fito da su sujada, sai ka roƙi izini ka je ƙofar ɗakinsu.

Za a cika maka hannu da roƙo: kai wasiƙa, kira wannan lamba, ga lauya. Kada ka fita da ko ɗan guntun takarda a aljihu, wannan kaɗai ya isa a rufe muku ƙofa gaba ɗaya. A rubuta buƙatar a gaban jami'in walwala. Kada ka ce wa kowa za ka fitar da shi, alkawari kaya ne. In za ku biya wa wani tara, a kotu ake biya a karɓi rasit, amma ku bincika tukuna ko akwai diyya ko wata shari'ar a kansa, kada kuɗin ya tafi mutum yana nan. Masu daɗewa ba lauya, ku miƙa sunayensu ga hukumar ba da agajin shari'a kyauta, ko a shirya su kafin ziyarar da Babban Jojin jiha yake kai wa gidan yari don duba shari'ar waɗanda ke tsare.

Ranar saki kuma wani ya tsaya a ƙofa da kuɗin mota, da riga da wando, da takarda zuwa ga faston garinsu. Kada a hau da shi bagade ranar Lahadin farko a ce ya ba da shaida, kada kuma a damƙa masa jakar baiko don a nuna an yarda da shi. A haɗa shi da dattijo guda mai leƙa shi, a nema masa wurin sana'ar da ya koya a ciki. Wannan maganar ka kai wa dattawanku tun yanzu, su yanke ko ikilisiya ta shirya zama benci ɗaya da wanda ya fito.

Ka rubuto mini adadin mutanen gidan da ranar da aka ba ku, sai mu lissafa sabulu da littattafai tare. Ka gai da uwargida da yara, da Baba Fasto.

Naka ɗan'uwa cikin Almasihu.