Darajar Magina a Italiya da a Jos

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan martabar magina, wadda tarihin Italiya na ƙarni na 15 da na 16 ya tuna mini da ita.

A birnin Florence ƙungiyar magina da masassaƙa tana da ƙarfin da ya kai a 1434 ta sa aka tsare Brunelleschi, mai jagorantar ginin kubbar babbar majami'ar birnin, saboda bai biya kuɗin ƙungiya ba. Palladio kuwa, shahararren mai zanen gine-gine, ɗan koyo ne a wurin masassaƙin dutse a Padua kafin masu sarautar Vicenza su riƙa rububin ya zana musu gidaje. Ko Michelangelo, fitaccen mai sassaƙa mutum-mutumi, sai da ya shafe wata takwas a garin Carrara a 1505 yana zaɓen marmara a hannun masu haƙarsa.

Mu ma muna da Sarkin Magina, kuma Babban Gwani ne ya gina masallacin Juma'ar Zariya, wanda kwatankwacinsa yake gidan tarihin Jos. Amma makon jiya na ga mata a gefen hanyar Bukuru suna fasa dutse da guduma cikin rana, direban tifa yana yi musu tayin wulaƙanci, ba su da ƙungiyar da za ta tsaya musu.

Naku,
Mai karatu daga Jos