Godiya ga shagon da ya tayar min da inji a ƙasa kafin na biya

Assalamu alaikum. Ni direban haya ne, Golf nake ja tsakanin Kano da Katsina. Godiyata ga Alhaji mai shagon injina a kasuwar Ƙofar Ruwa, da yaron shagonsa wanda ya yi ɗawainiya da ni.

Bara injina ya buga, na je wani wuri, ba sai na kama suna ba, na sayi ɗan Beljiyam. Mai shagon har da rantsuwa, wai yadda ya sauko daga jirgi haka yake. Bakanike ya kwana biyu yana ɗaurawa. Ana murza makulli sai ga hayaƙi shuɗi ta salansa kamar ana ƙona bola, baƙin mai kuwa shan sa yake kamar koko. Da na koma sai cewa aka yi tunda an ɗaura babu canji, bakanikena ne ya lalata. Kuɗin ɗaurawa ya tafi, na saukewa ya tafi, mota ta yi sati uku a gareji, ga mai ita yana jiran balas.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka da faɗa a bakina na shigo shagonku. Kafin in buɗe baki yaron nan ya ce, "Baba, zauna, sai ka ji kukansa tukuna." Ya ɗora injin a kan tsohuwar taya, ya buɗe murfin baƙin mai ya nuna min ciki, babu dasƙararren datti, babu farin kumfa irin na ruwan da ya haɗu da mai. Ya kwance fulogi ɗaya bayan ɗaya, duk a bushe. Sannan ya zuba baƙin mai, ya jona batir, ya tsoma tiyo a gorar fetur. Bugu biyu ya tashi. Bai bar shi ya daɗe ba tunda babu lagireto, amma na kasa kunne sosai, babu ƙwanƙwasa, hayaƙin farko ya washe. Har ya ce in kira bakanikena ya saurara da kansa, aka sake tayarwa bai ɓata rai ba.

Ciniki da ɗaurawa duk lafiya lau. Wata huɗu ke nan ina lodi.

Abin da ke ci min rai, duka aikin bai kai minti 30 ba, fetur bai fi lita ɗaya ba. Amma wasu in ka ce a gwada sai su haɗe rai kamar ka zagi iyayensu, su wanke inji da fetur ya yi ƙyalli, su ce ka yarda da Allah. Mun yarda da Allah, injin ne ba mu yarda da shi ba.

Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Yaron nan kuma a riƙe shi da kyau.

Naku,
Direban Golf, layin Katsina