Wasiƙa zuwa ga aminina kan yaran da daba ke ja

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka kan kwamitin da kuke son kafawa don raba yara da daba.

Don Allah kada ku fara da tara matasa kaf a yi musu nasiha. Masu zuwa irin wannan taro ba su ne masu yawo da wuƙa ba. A birnin Boston na Amurka, da aka yi ƙidaya a tsakiyar shekarun 1990, 'yan daba kusan 1,300 aka samu cikin ƙungiyoyi 61, amma kimanin kashi 60 cikin ɗari na kisan matasa a hannunsu yake. To ku ɗauki takarda da biro: wace daba ke gaba da wace, wa ke faɗa a ji, ƙanin wa aka fara aike. Wannan aiken, na riƙe waya ko gadin hanya, shi ne ƙofar shiga, galibi yaro na tsakanin shekara 12 da 15. Fashin makaranta, sabon laƙabi da kuɗin da ba a san tushensu ba sukan biyo baya.

Sai mai shiga tsakani, kuma nan ne aikin yake. Tubabben ɗan daba kuke buƙata, wanda yaran ke jin nauyinsa. Gary Slutkin, likitan annoba, a kan haka ya gina shirinsa a birnin Shikago na Amurka a shekarar 2000: sara yana yaɗuwa kamar cuta, ta hanyar ramuwar gayya. Da an sari yaro, mutuminku ya isa asibiti a daren, kafin abokai su gama shawara. Ya zauna da su, ya ja lokaci, ya kawo uwa ko yayan wanda ya fi zafin kai. In aka bari sai gari ya waye, sau da yawa an makara.

Abu biyu ke kashe wannan tsari. In yaran suka ji yana kai sunaye ga 'yan sanda, shi ke nan, ba mai sake buɗe masa baki, rayuwarsa ma tana cikin haɗari. In kuma ba ku biya shi albashi ba, yunwa za ta mayar da shi gidan jiya.

Duka a bainar jama'a ba ya gyara yaro, ƙullata yake yi. Kai yara kurkuku su ga wahala don su tsorata ma an gwada a Amurka, bincike ya nuna waɗanda aka kai sun fi takwarorinsu aikata laifi daga baya.

Maganar sana'a kuwa, ku ƙirga gurabe tukuna. In masu gida biyar suka yarda su ɗauki yaro, biyar za ku kira, ba hamsin ba, kuma wani ya riƙa leƙa su kowane mako, don a watannin farko tsoffin abokai suka fi matsa lamba.

Ka rubuto mini yawan waɗanda kuka samu a takardar. A gaishe da mutanen gida.

Naka,
Amininka