Ni ma da na waiwaya

Mutumina salamu alaikum. Ya Kumasi, ya Hajiya da yara? Wata biyar shiru kamar an aiki bawa garinsu, kai tun da ka saba da fufu ka manta da masu tuwo ko? Akwai maganar da nake so in tambaye ka kan kayan nan na Alhaji ƙarami amma bari tukuna.

Hafsa ce ta dawo hutu da wani littafi na tatsuniyoyin Girkawan dā, daren jiya ta karanta min guda ɗaya a tsakar gida ba wuta, da fitilar waya, wallahi har asuba ban runtsa ba. Wai wani makaɗi Orfiyus, in ya taɓa garayarsa har namun daji da bishiyoyi sukan biyo shi, sai maciji ya sari amaryarsa Yuridisi ta mutu. Shi ne ya bi ta har ƙasar matattu, ya yi ta waƙa har sarkin wurin Hades da matarsa suka tausaya suka ce tafi da ita, sharaɗi ɗaya, kar ka waiwaya sai kun fita. Saura ƙiris su ga hasken rana ya juya. Shi ke nan ta koma.

Na san labarin masu bautar gumaka ne, wanda ya tafi ya tafi, mun yarda da ƙaddara. Amma Hafsa na cewa ai gaggawa ce ta cuce shi, ni kuwa na kasa magana. Shekara guda ke nan da rasuwar mamanta, Allah ya jiƙanta, har yau in na ji ƙarar silifas a soro wajen la'asar sai na juya. Ovid, mawaƙin Rum da ya rubuta labarin, ya ce matar ba ta yi ƙorafi ba, don me za ta zarge shi da shi in ban da so. Nan ne hawaye suka zo min.

Ashe abin ya yi nisa, a 1607 wani mai tsara kiɗa Monteverdi ya mai da shi wasan waƙa a Mantua ta Italiya, a 1959 aka yi fim ɗinsa a Rio ta Brazil da baƙaƙen fata, har mujallar adabi da wani Bajamushe Ulli Beier ya kafa a Ibadan a 1957 sunanta Black Orpheus, wato Baƙin Orfiyus. Kai da kake ce min karatun adabi ɓata kuɗin makaranta ne, ka ji dai.

Af, Ɗanliti ya ƙara aure, ta uku, da wannan babur ɗin nasa da sai an tura! Su Goggo kuma sun taso ni gaba da maganar 'yar Malam, na ce su ba ni lokaci. In ka kira ta don Allah ka taya ni lallashinta, maganarka take ji.

Ka gaida Hajiya, a shafa min kan mai sunan Baba.

Naka,
Baban Hafsa