Alhaji, Kada Ku Maka Masu Kallo a Kotu

Assalamu alaikum Alhaji,

A shirin rediyon da aka yi da kai kan satar fasaha ka jefo min tambaya, ka ce tunda aikin lauya nake yi, in faɗa wa jama'a abin da zai hana 'yan fim su bi sawun Amurka, su tattaro duk wanda ya sauke fim ba izini, dubu-dubu, su kai su gaban alƙali. Na san ba da wasa ka faɗa ba. Mutum ya zuba jarinsa, kafin mako ya zagayo fim ɗin yana cikin wayar kowa, shi ko kuɗin kyamara bai mayar ba. Duk da haka ina roƙonku kada ku bi wannan hanya.

Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta fara maka masu sauke waƙa ba izini a kotu a watan Satumba 2003 da mutum 261. Kafin ta janye a ƙarshen 2008 ta bi mutum wajen 35,000. Cikinsu har da yarinya 'yar shekara 12 a New York, da wata tsohuwa mai shekara 83 da aka shigar da ƙararta bayan ta rasu. Jammie Thomas-Rasset, uwar 'ya'ya a jihar Minnesota, ta ƙi yin sulhu. Kan waƙa 24 aka yanke mata dala 222,000 a 2007, a sake shari'ar ta haura dala miliyan 1.92, daga baya aka dawo da ita kan adadin farko. Satar ba ta tsaya ba. Abin da ya rage ta shi ne zuwan manhajoji irin su Spotify, inda sauraro da izini ya fi sata sauƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda lamarin ya koma sana'a. Lauya zai shigar da ƙara ɗaya kan ɗaruruwan mutanen da bai san ko sunansu ba, lambar IP, wato lambar layin intanet ɗin da aka yi amfani da shi, kawai yake riƙe da ita. Kotu ta umarci kamfanin intanet ya ba da sunaye. Sai wasiƙa ta iso gida: doka ta ba da damar a ci ka tara har dala 150,000 kan aiki ɗaya, amma ka biya dubu uku ko huɗu a kashe magana. Kuɗin ɗaukar lauya ya fi haka, don haka mai laifi da marar laifi duk biya suke yi. Alhali lambar IP layin gida take nunawa, ba ta nuna hannun da ya danna, kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta faɗi haka a 2018. Lauyoyin wani kamfanin lauyoyi na Amurka mai suna Prenda Law ma da kansu suka riƙa ɗora fina-finan batsa a intanet, suna jiran wanda zai sauke su tsorata shi da tonon asiri. Sun tara kusan dala miliyan 6. A 2019 aka ɗaure biyu daga cikin lauyoyin, Paul Hansmeier shekara 14, John Steele shekara 5.

To a Kano wa za ka kama? Yawancin masu kallonka a shagon masu turi ake loda musu, ko aboki ya tura musu ta Xender, babu wata lamba da za a bi. Waɗanda za su faɗa hannu su ne matar aure da ɗalibi da mai shayi, mutanen da kake fata su saya gobe.

Masu cin riba da guminka sanannu ne: shafukan Telegram da tashoshin YouTube masu karɓar kuɗin talla, da dillalan da ke raba wa shaguna. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba ka damar aika takardar neman a sauke aikinka daga shafi, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya na da ikon bincike da gurfanarwa. Ka aiko min da jerin shafukan da ke ɗauke da fim ɗinka da takardun da ke nuna naka ne, mu fara rubuta musu a wannan makon.

Wassalam.